Ƙuraje da ƙaiƙayi bayan fara shan maganin ƙanjamau: maganin ne ko cutar ce?

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Ni mazauniyar unguwar Aboabo ce a Kumasi, kuma na rubuto ne saboda ƙanwata wadda take zaune a wurina da 'ya'yanta biyu. Bara ta yi fama da ciwon nan da mutanen garin nan suke kira ananse, ya fito mata a haƙarƙarin dama, ya warke ya bar tabo. Bayan wasu watanni sai ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi suka feso mata a hannuwa da ƙafafu, duk wanda ya bushe sai ya bar baƙin tabo. Da aka yi mata gwaji a asibiti sai aka sami ƙwayar cutar HIV, aka ɗora ta a kan magani, ƙwaya ɗaya kullum da dare, tare da wani magani mai suna Septrin. Yau makonta bakwai tana sha, amma ƙaiƙayin ƙaruwa ya yi, ga kuma amosani ya cika mata kai da gefen hanci. Ta ce maganin ne bai karɓe ta ba, tana so ta daina. Wata maƙwabciya kuma, wadda ba ta san ainihin ciwon ba, ta kawo mata wani haɗin man shafawa da ta ce yana share tabo cikin mako guda. Shin maganin ne yake jawo wannan? Tabon zai ɓace? Kuma ko yara za su iya ɗauka ta hanyar soso da tawul?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba ƙanwarki lafiya, ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da ita. Zan fara da abin da ba ya jiran dogon bayani: kada ta daina shan maganin da kanta, kada ta shafa haɗin da maƙwabciya ta kawo, kuma ki raka ta asibitin da take karɓar magani cikin wannan makon, ba sai ranar da aka rubuta mata a kati ta zo ba. Ciwon fata sai ido ya gani, wani lokaci sai hannu ya taɓa, kafin a yanke hukunci a kansa, saboda haka bayanin da zan yi miki shiri ne domin wannan ziyara, don ki san abin da za ki duba a jikinta da abin da za ki tambayi likitanta.

Fata tana cikin gaɓoɓin da suke fara nuna cewa garkuwar jiki ta yi rauni. A kanta da cikinta akwai ƙwayoyin cuta iri-iri da muke rayuwa tare da su tun muna yara ba tare da sun dame mu ba, saboda garkuwar jiki ta riƙe musu linzami. Ƙwayar HIV tana kashe wasu ƙwayoyin jini na garkuwa da ake kira CD4, waɗanda adadinsu a jikin mai lafiya yakan kasance tsakanin 500 da 1,500 a ɗan ƙaramin ma'aunin jini da ake gwadawa. Idan adadin ya ragu, musamman idan ya faɗo ƙasa da 200, sai abubuwan da suke kwance su miƙe. Shi ya sa littattafan likitanci suke cewa kusan mutum tara cikin goma na masu ɗauke da cutar sukan gamu da wani ciwon fata a wani lokaci na rayuwarsu. Abin lura shi ne, duk abubuwa ukun da kika ambata, wato ananse da ƙuraje masu ƙaiƙayi da amosani mai yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a mataki na biyu cikin matakai huɗu na wannan cuta. Mataki na huɗu ne mafi tsanani. Tun daga 1986 da aka fara gano cutar a Ghana har zuwa 2003 da aka fara ba da maganinta a asibitocin gwamnati, likitocin ƙasar nan da fata suke karanta nisan da ciwon ya yi, kuma ƙanwarki ta zo a zamanin da ake ɗora mutum a kan magani da zarar gwaji ya tabbata, kyauta kuma.

Ko da yake ma'anar sunan ananse gizo-gizo ce a yaren mutanen garin nan, ba gizo-gizo ne yake kawo shi ba, kuma ba jifa ba ne. Ƙwayar da take kawo ƙarambau ce, wadda bayan yaro ya warke ba ta barin jiki, sai ta ɓuya a tushen jijiyoyin da suke fitowa daga laka, ta yi shekaru tana kwance. Ranar da garkuwa ta yi sanyi sai ta biyo jijiya guda ta fito fata, shi ya sa ƙurajen suke jeruwa kamar ɗamara a ɓangare ɗaya na jiki, su tsaya a tsakiyar ƙirji ko tsakiyar baya. Maganar da ake yi a unguwanninmu cewa idan ya zagaye jiki bakinsa biyu suka haɗu mutum zai mutu ba ta da tushe. Haɗarinsa na gaskiya a wani wuri yake: idan ya fito a goshi ko a kan hanci yana iya taɓa ido har ya makantar, kuma yana iya barin raɗaɗi kamar ƙuna na watanni bayan ƙurajen sun bushe. Akwai maganin sha mai suna asaikulobir, wanda ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Na faɗi wannan ne saboda ananse yana iya dawowa a watannin farko na shan maganin HIV, kuma idan ya dawo kada a ɓata waɗannan kwanaki uku wajen shafa toka ko ganye a kan ƙurajen. A ra'ayina, duk matashi ko matashiyar da ananse ya kama ya kamata a yi masa tayin gwajin HIV a lokacin, domin da an yi wa ƙanwarki haka bara da ta riga ta yi nisa a magani yanzu. Tsofaffi da masu ciwon sukari su ma suna yin ananse ba tare da HIV ba, saboda haka fitowarsa dalilin gwaji ne kawai, ba hukunci ba.

Ƙurajen hannu da ƙafa, yadda kika siffanta su, sun yi kama da wani nau'i da muke yawan gani a ƙasashen zafi ga mutanen da CD4 ɗinsu ya ragu. Ƙanana ne masu tauri, suna fitowa dama da hagu daidai wa daida, sun fi yawa a bayan hannu da ƙwauri, ba sa taɓa tafin hannu ko cikin baki, kuma ƙaiƙayinsu yana hana barci. Binciken da aka yi a kan naman ƙurajen ya nuna cewa da yawansu cizon sauro ne da sauran ƙwari, wanda garkuwar da ta rikice take mayar wa martani fiye da ƙima, cizon da zai ɓace wa wani cikin kwana ɗaya sai ya zame mata ƙurji na makonni. Wanda ya san magudanan ruwan Aboabo da Asawase a lokacin damina ya san cewa sauro ba baƙo ba ne a can. Amma kafin a ce wannan ne, dole a kore ƙazwa, domin suna kama da juna ƙwarai. Ki duba tsakanin yatsunta da wuyan hannu da kewayen cibiya da ƙarƙashin nono, sannan ki lura ko yaran ko ke kanki kuna susa da dare. Idan gida duka ana susa, to ƙazwa ce har sai an tabbatar da akasin haka, kuma maganinta sai an yi wa kowa da kowa a rana ɗaya, a wanke zannuwan gado da tufafi da ruwan zafi a shanya a rana. Ga mai raunin garkuwa ƙazwa tana iya yin ɓawo mai kauri kamar bawon itace, ƙaiƙayinta ya ragu amma yaɗuwarta ta ninka.

Amosanin kai da gefen hanci da gira shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Wani irin yis ne da yake zaune a fatar kowa yana cin maiƙonta, sai ya yi yawa idan garkuwa ta sassauta. Sabulun wanke kai mai ɗauke da maganin ketokonazol, wanda ake bari a kai minti biyar kafin a ɗauraye, sau biyu a mako, yakan kwantar da shi. Ta rage cika kai da man kitso mai nauyi a wannan lokaci, kuma ta bar kitson da yake wata guda ba a wanke ƙarƙashinsa ba.

Yanzu ga ainihin tambayarki: me ya sa abin ya ƙaru bayan ta fara magani? Akwai bayani guda biyu, kuma bambanta su shi ne aikin da ya fi muhimmanci.

Na farko, wanda ya fi dacewa da labarin da kika bayar, farkawar garkuwa ce. Maganin da take sha da dare, mai yiwuwa wanda ake kira TLD ne, haɗin magani uku a ƙwaya ɗaya, yana rage yawan ƙwayar HIV a jini da sauri cikin makonnin farko. Da ƙwayar ta ragu sai sojojin garkuwa su fara dawowa, su tarar da abokan gaba sun baje a ko'ina, su far musu gaba ɗaya. Wannan faɗa shi ne kumburi da ƙaiƙayi da ake gani a fata. Kamar gidan da aka daɗe ba a share ba ne: ranar da aka sa tsintsiya ƙura takan tashi fiye da jiya, alhali gidan gyaruwa yake yi. An fi ganin wannan a watanni uku na farko, musamman ga wanda ya fara magani CD4 ɗinsa yana ƙasa sosai, kuma yakan lafa da kansa idan aka ci gaba da shan magani, tare da ɗan abin rage ƙaiƙayi. Alamarsa ita ce tsofaffin ƙurajen ne suke ƙara yawa a wuraren da suka saba fitowa, mai ciwon kuma tana cin abinci, tana jin ƙarfi, babu zazzaɓi mai zafi.

Na biyu shi ne jiki ya ƙi wani magani, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Masu ɗauke da HIV sun fi sauran mutane saurin samun ƙurajen ƙin magani nesa ba kusa ba. A shekarun baya wani maganin HIV mai suna nebirafin ne ya fi jawo mana wannan matsala, har aka kwantar da mutane da yawa saboda shi, amma TLD da ya maye gurbin tsofaffin haɗe-haɗen ba kasafai yake yin haka ba. Wanda na fi sa wa ido a cikin magungunan ƙanwarki shi ne Septrin, wanda ake bayarwa don kare ta daga wani nau'in ciwon huhu da gudawa da wasu cututtukan, domin yana cikin dangin magungunan salfa, sannan ina sa ido a kan maganin rigakafin tarin fuka idan an haɗa mata da shi. Ƙurajen ƙin magani sabbi ne, ba su yi kama da tsofaffin ba, sukan fito tsakanin mako ɗaya zuwa shida da fara shan maganin, su fara daga ƙirji da baya da fuska su bazu kamar ƙyanda. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, saboda haka a duba ta a hasken rana, ba a hasken ƙwan lantarki ba. Idan kika ga zazzaɓi tare da ƙurajen, ko leɓɓanta sun fashe suna ɓawo, ko cikin bakinta ya yi gyambo har ba ta iya haɗiya, ko idanu sun yi ja suna ruwa, ko fitsari yana yi mata zafi saboda rauni a gabanta, ko fata tana tashi kamar ƙunar ruwan zafi, ko fuska ta kumbura, ko farin ido ya koma rawaya, to a wannan hali kaɗai kada ta ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya sai likita ya gan ta, kuma a kai ta sashen gaggawa a ranar, ko da tsakar dare ne. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana karɓar irin wannan, kuma daga Aboabo ba nisa.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu, daina magani shi ne mafi munin abin da za ta yi wa fatarta. Ƙwayar HIV takan dawo da ƙarfinta cikin 'yan makonni, garkuwar da ta fara farfaɗowa ta sake faɗuwa, kuma sha yau a bari gobe shi ne yake koya wa ƙwayar yadda za ta bijire wa magani. Akwai wani haɗari da mutane ba su cika sani ba. Biyu daga cikin magunguna ukun da suke cikin TLD suna danne ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda take da yawa a Ghana, kuma wanda yake ɗauke da ita idan ya tsayar da maganin kwatsam hantarsa tana iya kumbura da tsanani. Ki tambaya ko an yi mata gwajin wannan ciwon hanta.

Sai maganar man maƙwabciya. Ban ga abin da yake cikin kwalbar ba, amma duk haɗin da aka ce yana share tabo cikin mako guda, a abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya, da wuya ya rasa ɗayan biyu ko duka: sinadarin haidurokinon mai sa fari, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta hana sa shi a kayan shafe-shafe tun 2016, da kuma maganin sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol. Sitiroyid yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, shi ya sa mutane suke yabonsa, amma hanyar da yake bi ita ce kashe garkuwar fata a wurin da aka shafa shi. Mai HIV garkuwarta ce matsalarta tun asali, sai ga shi an ƙara danne ta. Makero da kyasbi sukan bazu a ƙarƙashinsa su canza kama har likita ya kasa gane su, ƙazwa ta yi ɓawo, fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa, kuma ranar da aka daina ƙaiƙayin ya dawo ninki biyu. Mu ma likitoci muna rubuta sitiroyid na shafawa, har ga masu HIV, amma mai matsakaicin ƙarfi, a kan ƙurji kaɗai, na mako ɗaya ko biyu, bayan mun san abin da muke yi wa magani. Ku karɓi kwalbar ku yi godiya don kada zumunci ya ɓaci, sannan ku tafi da ita asibiti a gani.

Tabon zai dusashe, amma sannu a hankali. Baƙar fata tana zuba launi a duk inda aka yi kumburi ko susa, kuma wannan launi yakan ɗauki wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye, kafin ya saje da sauran jiki, na ƙafa ya fi na hannu jinkiri. Sharaɗin shi ne sabbin ƙuraje su daina fitowa, wannan kuma yana zuwa ne da dawowar garkuwa, yawanci cikin watannin farko zuwa rabin shekara na shan magani ba fashi. Akwai dai wani baƙin tabo da ba na susa ba, wanda nake so ki iya gane shi. Idan kika ga tabo mai duhu sosai, baƙi mai sirkin shuɗi ko ruwan goro, wanda ya fito a inda ba a taɓa yin ƙurji ba, ba ya ƙaiƙayi, yana ƙara faɗi ko yana tasowa kamar ƙullutu, musamman a ƙafa ko a kan hanci ko a dasashi da rufin baki, ko kuma ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi tauri kamar itace, wannan yana iya zama sankarar Kaposi. Wani likitan fata a birnin Biyana, Moritz Kaposi, shi ya fara siffanta ta a 1872, kuma a 1994 aka gano ƙwayar bairos da take haddasa ta. Ana tabbatar da ita ta hanyar yankar ɗan ƙaramin nama a duba, tana jin maganin HIV, wani lokaci a haɗa da maganin sankara, kuma sitiroyid yana ƙara mata gudu, wanda wannan ma wani dalili ne na guje wa haɗe-haɗen kasuwa. Haka nan ƙananan ƙuraje masu sheƙi da ɗan rami a tsakiya, idan sun yi yawa a fuska kuma ga ciwon kai da ba ya jin magani, a gaya wa likita nan take, domin akwai wata cuta da take kama ƙwaƙwalwa wadda takan fara nuna kanta a fata da wannan siffa.

Kulawar yau da kullum ba ta da tsada. Soson raga da muke amfani da shi a nan yana kankare maiƙon fata, saboda haka ta ajiye shi ta yi wanka da hannu ko tsumma mai laushi, da ruwa mai ɗumi kaɗan ba mai zafi ba, da sabulu marar ƙamshi mai ƙarfi. Ta bar zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka, domin bushewa yake ƙarawa. Da ta fito, tun jiki bai gama bushewa ba, ta shafa man kaɗanya tsantsa wanda ba a gauraya shi da komai ba, ta ƙara yawansa idan hunturu ya shigo daga Disamba zuwa Fabrairu. Ta yanke farce, ta kwana a gidan sauro, ta sa tufafi masu dogon hannu da yamma, a kuma duba katifa ko akwai kuɗin cizo. Likita zai iya ba ta ƙwayar rage ƙaiƙayi irin Piriton ta sha da dare. Idan ƙurji ya fara ruwa ko mugunya, ko marurai suka fara fitowa, ƙwayoyin cuta sun shiga ta wurin susa ke nan, yana bukatar maganinsa daban.

Game da yara, ki kwantar da hankalinki. HIV ba ta bin soso ko tawul ko kwano ko buta ko tabarma, kuma sauro ba ya ɗaukarta daga wani ya kai wa wani. Ƙurajen ƙaiƙayin nan da amosani ba sa yaɗuwa. Abin da yake yaɗuwa ta tawul shi ne ƙazwa da makero, sai ruwan ƙurajen ananse, wanda zai iya sa wa yaron da bai taɓa yin ƙarambau ba ƙarambau, don haka kowa ya riƙe tawul ɗinsa, reza da buroshin haƙori kuma ba a raba su da kowa ko a gidan da babu mai ciwo. Duk da haka ya kamata a gwada 'ya'yanta biyu, ko da suna cikin ƙoshin lafiya, domin ba a san lokacin da ta kamu ba, kuma cutar tana iya bin ciki da haihuwa da shayarwa. Mahaifinsu ma yana bukatar gwaji, ma'aikatan asibitin kuma sun saba taimakawa wajen yadda za a faɗa masa. Na san yadda ido yake a zango, inda tabo a hannun mace yake zama abin magana a gidan suna da gidan biki, amma mafi yawan masu ƙuraje da tabo a Kumasi ba su da HIV, kuma ba wanda yake iya gane mai ita da kallo. Dokar Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Ghana ta 2016 ta kare sirrin mai ɗauke da cutar, saboda haka ita ce take da ikon zaɓar wanda za ta gaya wa.

Ranar da za ku je asibiti, ku zuba duk abin da take sha ko take shafawa a jaka ɗaya, har da jiƙo da maganin gargajiya da abin da aka sayo a kemis, ku rubuta ranar da ta fara kowanne da ranar da ƙaiƙayin ya ƙaru, domin jerin kwanakin nan shi ne yake nuna wa likita ko wani magani ne jiki ya ƙi. Ta yarda a duba ta duka, har cikin baki da tsakanin yatsu da tafin hannu da tafin ƙafa, inda ƙurajen tunjere suke fitowa, kuma tana da damar neman mace ta duba ta ko ta tsaya tare da ita. Ku tambayi adadin CD4 ɗinta idan an gwada, da ranar da za a yi mata gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, wanda ake yi bayan wata shida da fara magani. Idan ƙurajen ba su lafa ba bayan an bi duk wannan, ku nemi takardar turawa zuwa sashen likitocin fata.